Wanda Ya Sha Mari Shi Ya San Nauyinsa

Yayana ya yi wata bakwai da mari a ƙafa. Ni na riƙe fitila daren da aka ɗaure shi a gidan wani malami can bayan gari, kuma a lokacin gani nake taimakonsa muke yi. Yau shekara goma sha ɗaya ke nan da samun sauƙinsa. Yana da rumfar takalma a kasuwar Talata Mafara, ya aurar da 'yarsa, in liman ya makara shi ake turawa gaba a masallacin unguwa. Amma ranar da aka taru a zaure kan ɗan maƙwabcinmu da ya fara surutai shi kaɗai, an kira malam, an kira mai kemis, an kira ni da ban san komai ba sai riƙon fitila. Shi ba a kira shi ba.

Da na yi magana, wani dattijo ya ce, "Ai ka san larurarsa."

Na san ta. Na kuma san abin da aka karantar da mu a makarantar zaure. Shari'a ta ɗauke hisabi daga wanda hankalinsa ya gushe, amma ta yanka wa ɗaukewar iyaka: har ya farfaɗo. Malaman fiƙihu sun bambanta haukan da ya lulluɓe mutum ɗungurungum da wanda yake zuwa yana tafiya, suka ce abin da mai na biyun ya ƙulla a lokacin da yake cikin hayyacinsa ya ƙullu. Cinikinsa ya yi, sallarsa ta yi. To in Allah Ya mayar masa da amanar da Ya ɗora wa kowane baligi, mu su wa da za mu ci gaba da riƙe ta a aljihunmu? Muna bin Yaya salla, wadda ita ce mafi girman abin da muke da shi, amma muna jin tsoron shawararsa kan yadda za a kula da mai ciwo irin nasa.

Abin da nake nema bai tsaya a zaurenmu ba. Mutanen yankin nan in abu ya gagara, Kware ake nufa, asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da ke kusa da Sakkwato. Ina son duk asibiti irin wannan, da duk sashen da aka ware wa masu taɓin hankali, in za a kafa kwamitin ba da shawara, a ajiye kujeru ga waɗanda suka taɓa kwanciya a gadon. Kujera mai ƙuri'a nake nufi, da kuɗin mota kamar na kowa. Kada a kawo mutum ɗaya ranar taro ya ba da labarinsa a yi kuka, sannan a sallame shi kafin a fara maganar kasafi.

Likita ya san sunan magani da adadinsa, kuma ba don likita ba da har yau Yaya yana cikin mari. Amma Yaya ne ya san yadda wata allura take sandarar da wuya har mutum ya kasa waiwaye a sallama, da yadda kunyar dalalar miyau a gaban surukai take sa a jefar da ƙwayoyi a masai a ce an sha. Shi ya san abin da yake faruwa a zuciya idan ana maganarka da ɗan'uwanka kana zaune, kamar buhun gero ake ciniki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mu a nan bai kamata a koya mana illar yanke wa mutane hukunci a bayan idonsu ba. An gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978 da sunan amfanin manoman Mafara, Bakura da Maradun, aka auna gonakinsu ba tare da jin ta bakinsu yadda ya dace ba. Da suka tare hanya suna neman diyya, a watan Afrilun 1980 aka buɗe musu wuta. Injiniyoyin sun iya lissafi. Ba su san ƙasar kamar mai nomanta ba.

Za a ce, in ciwon ya dawo fa? Ya je ya yi jinya, ya dawo kujerarsa, kamar yadda ake yi wa mai hawan jini. Clifford Beers na Amurka sai da ya yi shekaru a kulle a asibitocin mahaukata, ya fito ya rubuta abin da ya gani a 1908, kuma daga nan aka kafa ƙungiyar da ta yi fafutukar gyara su. A Nijeriya sai a Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Takarda ta canza. Wa zai faɗa wa kwamiti ko ɗakin kwana ya canza da tsakar dare, lokacin da manya suka tafi gida?

Kuma masu buƙata ƙaruwa suke yi. Akwai waɗanda suka dawo daga hannun 'yan bindiga a dajin Maradun, an biya kuɗin fansa, an yi barka, amma har yau ƙarar babur tana sa su ɓuya ƙarƙashin gado.

Daren da aka watse daga zauren, na je na faɗa wa Yaya an yanke za a kai yaron gidan mari da asuba. Bai ce komai ba, ya sa takalminsa. Ya tarar da uban yaron a ƙofar gida, ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya naɗe ƙafar wandonsa ya nuna masa tabon.

"Baba, ka ba ni shi gobe," ya ce. "Ni zan raka shi wurin likita. Na san hanya."