Hakiya da wasiyyar mamaci

Jiya bayan sallar isha'i wani bawan Allah ya tsayar da ni a ƙofar masallaci. Ƙyanda ta bar wa ɗansa hakiya, likita ya ce sai an yi masa dashen tantanin da ke rufe baƙin ido, wanda daga jikin mamaci ake ciro shi. Ya ce, "Malam, ya halatta?" Na ce e. Sai na ce, "To kai fa, za ka bar wasiyyar naka?" Ya yi shiru. Wallahi ni ma da na tambayi kaina, shirun na yi.

'Yan uwa, wannan shirun ne ya tuna min da ƙasar Siri Lanka. A 1961 wani likita, Hudson Silva, ya kafa ƙungiyar masu kyautar ido a Kolombo, babban birninsu. Mutane suka riƙa sa hannu tun suna raye cewa in sun mutu a ɗauki nasu. Ma'ajiyar idon ta cika har ta yi rara, a 1964 aka fara aikawa Singafo. Daga nan dubun dubata suka fita zuwa ƙasashe sama da 50. Yawancin masu bayarwa mabiya addinin Buda ne, kuma Pakistan, ƙasar Musulmi, tana sahun gaba wajen karɓa. Ku duba fa!

Me ya hana mu? Muna tsoron hadisin da ya daidaita karya ƙashin mamaci da karya na rayayye. Hadisin gaskiya ne, amma malaman da suka halatta sun ce wulaƙanta gawa ya hana. Majalisar manyan malaman Saudiyya ta halatta dashen wannan tantanin a 1398 bayan hijira. Majma'ul Fiƙhil Islami kuma, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta ɗaukar sashen jikin mamaci da izininsa ko na magadansa, ba tare da ciniki ba. Cikin 'yan sa'o'i bayan rasuwa ake cirewa, ba sai jana'iza ta kwana ba.

Akwai malaman da suka hana, muna girmama su. Amma wanda ya yarda ya karɓa, ya tambayi kansa me ya hana shi bayarwa. Ni dai da safen nan na zaunar da iyalina mun yi maganar.

Allah Ya ba yaron nan lafiya, Ya sa mu cika da imani.