Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne

Fataken da suka nufo Kano da jakunansu sukan hango Dutsen Dala tun da sauran tafiya a gabansu. Ganinsa yana sanyaya zuciya, amma ba ya sauke wa jaki kaya. Da sauran ganuwa, da sauran Sarkin Ƙofa, da sauran neman fatoman da zai ba ka masauki ya kuma tsaya maka a kasuwa. Abin da ke tsakanin hange da shiga, mafi yawansa mutane ne.

Wannan karin maganar nake so masu mafarkin barin birni su riƙe. Zafin Afrilu da cunkoso da hayaƙin janareta sun ishi mutum, sai ya ga hoton Gembu a waya, ya ce can zai koma ya sha iska, ya hau doki, ya yi kiwo. Kuma wallahi ba laifinsa ba ne. Gembu, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Sardauna a Jihar Taraba, tana kan tsaunin Mambila, wanda matsakaicin tsayinsa ya haura mita 1,500 daga doron teku. Da safe sai da rigar sanyi. Shanu na ƙiba a kan tuddai masu ciyawa shar, ganyen shayi ya lulluɓe gangaren Kakara, ga dajin Ngel Nyaki ga mai son tsuntsaye. Chappal Waddi, dutse mafi tsawo a Najeriya, mai mita 2,419, yana nan kusa cikin gandun dajin Gashaka-Gumti.

Duk wannan gaskiya ne, amma hange ne. Shigar tana farawa bayan Serti, inda hanya ke murɗawa tana hawa zuwa Maisamari, direba na cikin giya ɗaya, rami na gefensa. Jalingo, inda babban asibitin tarayya yake, tafiyar sa'o'i ce masu yawa, kuma mai ɗauke da tsohuwa ko mace mai ciki dole ya yi wannan lissafin tun kafin ya ɗaure kaya. Damina kuwa doguwa ce. Ruwa kan kai watan Oktoba, hazo ya rufe gari, jan laka ya riƙe tayar babur, wanki ya kwana bai bushe ba. Wanda ya zo domin yawon tsauni zai yi kwanaki yana kallon tsaunin ta taga.

Abin da ya fi damuna shi ne batun ƙasa. Ciyawar nan da ta yi kyau a hoto tana da mai ita. Manoman Mambila da Fulani makiyaya sun daɗe suna ja-in-ja a kan gona da makiyaya, har a 2017 aka zubar da jini. Baƙon da ya zo da kuɗinsa ya kewaye fili da waya ba tare da ya san tarihinsa ba, yana iya sayen rigimar da ta girme shi.

A ganina, mai niyya ya fara da kama ɗakin haya, kuma ya zo a watan Agusta lokacin da ruwa ya kankama, ba a Disamba ba. Ya ci kasuwa, ya zauna a majalisa, ya je jana'iza da suna, ya koyi gaisuwa da Fulatanci ko da ba zai iya hira ba. In damina ta wuce yana nan da marmarinsa, sai a fara maganar fili, ta hannun jauro, wato mai gari, a gaban shaidu, maƙwabtan kowane ɓangare suna tsaye a kan iyaka.