"Sai Haƙuri, Baba": Shin Wannan Ya Isa Amsa ga Ciwon Gaɓoɓin Tsofaffinmu?

'Yan'uwana cikin Kristi, akwai wata magana da ba ta da nauyi a bakinmu duk sa'ad da muka ga dattijo ya cije leɓe kafin ya miƙe daga tabarma, ko muka ga tsohuwa ta dafa bango tana jan ƙafa zuwa bakin murhu. Mukan ce, "Sannu Baba, sai haƙuri, tsufa ne." Maganar gaskiya ce, kuma yawanci da zuciya ɗaya ake faɗinta. Duk da haka ya kamata mu tsaya mu tambayi kanmu: in mun faɗe ta, mun sauke nauyin da ke kanmu ke nan? Haƙurin nan da muke miƙa wa iyayenmu, taimako ne muke ba su, ko kuwa hanya ce ta sallamarsu cikin ladabi domin mu koma ga harkokinmu?

Kafin mu amsa, bari mu san abin da ke damunsu. A kowace gaɓa ta jiki, inda ƙashi ya haɗu da ƙashi, Mahalicci ya shimfiɗa guringuntsi mai santsi domin ƙasusuwan su motsa ba tare da sun goge juna ba. Da tafiyar shekaru wannan guringuntsi yakan lalace ya ƙanƙance, gaɓar ta yi tauri, ta kumbura, wani lokaci har ta riƙa ƙara in an motsa ta. Wannan shi ne amosanin gaɓoɓi da ya fi yawa, wanda mutane da dama ke kira sanyin ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutane wajen miliyan 528 ne ke fama da shi, kusan kashi 73 cikin 100 sun haura shekara 55, kashi 60 cikin 100 kuma mata ne. Gwiwa ce ya fi kamawa. Akwai wani irin dabam, inda garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi gaɓoɓin mai ita. Shi yakan kama ƙananan gaɓoɓin hannuwa biyu a lokaci guda, mutum ya tashi da safe yatsunsa a sandare har tsawon sa'a ko fiye, kuma ba ya jiran tsufa. Akwai kuma na uku, wanda wani gishiri da ke taruwa daga jini yake haddasawa, yakan faɗo wa babban yatsan ƙafa da dare da zafi kamar garwashi.

Masana sun tabbatar cewa ban da shekaru, ƙiba da tsohon rauni da gado suna ƙara haɗarin lalacewar gaɓoɓi, haka nan aikin da ke bukatar yawan tsuguno da durƙuso da ɗaukar kaya masu nauyi. To, wane ne a cikinmu bai san wannan aikin ba? Shi ne sunkuyo da fartanya daga shuka har girbi. Shi ne tulun ruwa daga rafi, da ƙunshin itace daga daji, da daka da surfe, da goyon da ba a sauke wani sai an ɗauki wani. Gwiwar da ta gaza a yau, a hidimarmu ta ƙare. Kuɗin makarantar da yawa daga cikinmu daga waɗannan gaɓoɓi ya fito. Saboda haka ciwon nan bashi ne a kanmu, wanda kuma ake bi bashi ba ya biya da gaisuwa.

Wasu kuwa, maimakon su nemi sanin ciwon, sai su nemi wanda za su ɗora wa laifi. A ce sammu ne, a ce kishiya ce, a ce ya taka wani abu a hanyar gona. Wasu su ce horo ne daga Allah saboda wani zunubi na ƙuruciya. Irin wannan zato ya raba gidaje da yawa, ya cinye awaki da kaji a hannun masu duba, gwiwar kuwa tana nan yadda take. Mu tuna abin da Yahaya ya ba da labari a sura ta 9, sa'ad da almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho suka nemi sanin ko laifinsa ne ko na iyayensa. Ubangiji ya kawar da zaton nasu gaba ɗaya, sa'an nan ya warkar da mutumin. Jikin da aka yi da ƙasa dole ya gaji, mai adalci da mai zunubi duka gwiwa ɗaya gare su.

Yanzu mu dawo ga haƙuri. Ba wanda ke musun darajarsa. Kakanninmu sun ce haƙuri maganin zaman duniya, sun kuma ce mahaƙurci mawadaci. Amma haƙuri iri biyu ne, kuma mun saba gauraya su. Akwai haƙurin da mai ciwo yake yi da kansa: ya karɓi abin da ba shi da ikon sakewa, ya ƙi barin zafi ya mai da shi mai ɗacin rai, ya miƙa wahalarsa ga Allah. Wannan nagarta ce babba, kuma tasa ce. Akwai kuma haƙurin da mai lafiya yake ɗora wa mai ciwo, wanda shi mai ɗorawa ba ya biyan ko kwabo a kansa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan ɗa mai albashi ya ce wa mahaifiyarsa "sai haƙuri" alhali bai taɓa kai ta wurin likita ba, to ya ari sunan nagarta ne ya lulluɓe sakacinsa da shi.

Luka ya ba mu misalin wannan a sura ta 13. Wata mace ta yi shekara 18 a tanƙware, ba ta iya miƙewa ko kaɗan. Yesu ya gan ta a majami'a ran Asabar, ya kira ta, ya ɗibiya mata hannu, ta miƙe. Shugaban majami'ar ya husata, yana ganin akwai sauran kwanaki shida na mako da za a iya zuwa neman warkarwa. A wurinsa jiran kwana ɗaya ba wani abu ba ne, gama ba bayansa ne ke tanƙware ba. Ubangiji kuwa ya tuna masa cewa ko sa da jaki ana kwance su a kai su ruwa ran Asabar, balle wannan da ya kira 'yar Ibrahim. Mu lura, shekara 18 matar nan tana shiga cikin jama'a, idanu sun saba da ganinta har sun daina ganinta. Haka sabo yake yi mana da tsofaffin gidajenmu.

Mai yiwuwa wani ya ce: ashe Ekklesiya ba ta koya mana cewa wahala tana da amfani ba, cewa mai shan wuya yana tarayya da gicciyen Kristi? Hakika tana koyar da haka. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya rubuta wasiƙa sukutum a kan ma'anar wahalar ɗan Adam, mai suna Salvifici Doloris, ranar 11 ga Fabrairu 1984. Amma duk wanda ya bi ta zuwa ƙarshe zai tarar an kai shi ga misalin Basamariye mai jinƙai, wanda ya tsaya, ya ɗaure raunuka, ya ɗora majinyaci a kan dabbarsa, ya biya kuɗin masauki. Koyarwar tana da hannu biyu: mai ciwo ya tsarkake wahalarsa, maƙwabcinsa kuma ya rage masa ita. Wanda ya riƙe hannu ɗaya ya saki ɗayan ya ɓata koyarwar. Ko Ubangijinmu ma, a hanyar Kalfari, an sami Saminu Bakurane ya ɗauki gicciyen tare da shi.

Tarihin Ekklesiya ya nuna mana cewa haƙuri da neman sauƙi ba kishiyoyi ba ne. Waliyyi Alfonsus Liguori na ƙasar Italiya, wanda ya rayu daga 1696 zuwa 1787, ciwon gaɓoɓi ya tanƙware masa wuya har haɓarsa ta kwanta a ƙirjinsa, sai da bututu yake shan abin sha. Bai daina rubutu da addu'a ba, shi ya sa masu wannan ciwo ke roƙon addu'arsa har yau. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, wanda ya zo Kaduna da ƙarfinsa a 1982, ya faɗi ya karye a ƙugu a 1994, ya yarda likitoci suka sa masa gaɓar ƙarfe, daga baya ya riƙe sanda a gaban duniya ba tare da kunya ba. Shi ne ya kafa Ranar Marasa Lafiya ta Duniya a 1992, ya kuma rubuta wa tsofaffi wasiƙa ta musamman a 1999, yana da shekara 79. Paparoma Faransis ma ciwon gwiwa ya zaunar da shi a keken marasa lafiya a watan Mayun 2022, ya ɗage tafiyarsa zuwa Kwango da Sudan ta Kudu, amma a farkon 2023 ya je, a kan keken nan. Babu ɗaya daga cikinsu da ya ɗauki magani ko sanda ko keke a matsayin ƙarancin bangaskiya.

To, mene ne haƙurin da ke tafe da aiki? Da farko, a kai su asibiti a san irin ciwon, gama maganin wani irin ba shi ne na wani ba. Gaɓar da ta kumbura, ta yi ja, ta yi zafi tare da zazzaɓi, ba ta jiran gobe. Irin da ke kama yatsun hannuwa biyu kuwa, in an fara maganinsa da wuri ana iya hana shi murɗe gaɓoɓi. Akwai asibitoci na musamman domin ƙashi, kamar Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, kuma tun shekarun 1960, bayan aikin likita John Charnley a Ingila, sauya gaɓar ƙugu ya zama aikin da ake yi a ƙasashe da yawa, ko da yake tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin iyalanmu.

Na biyu, a yi hattara da haɗe-haɗen ƙwayoyi da masu talla ke ƙullawa a leda a tashar mota da kasuwa. Magunguna irin su diclofenac da ibuprofen suna rage zafi, amma yawan shansu ba bisa umarnin likita ba yakan jawo gyambon ciki, ya lalata ƙoda, musamman ga tsoho. Irin su dexamethasone da prednisolone kuwa, in an daɗe a kansu, sukan kumbura fuska, su ɗaga sukarin jini, su raunana ƙashi. Ɗan da ya sayo wa uwarsa irin wannan ƙulli don ya huta da kukanta, ya sayo wa kansa hutu ne da lafiyarta.

Na uku, akwai taimakon da ba ya cin kuɗi mai yawa. Kwanciya dindindin tana ƙara wa gaɓa tauri, tafiya kaɗan kaɗan kowace rana da motsa ƙafa a zaune suna ƙarfafa naman cinya, shi kuma ya rage wa gwiwa nauyi. Jika ya riƙe hannun kakarsa su zaga gida da yamma. A samo sanda daidai tsawo, a riƙe ta a hannun da ke ɗaya gefen ƙafar mai ciwo. A sa kujera mai ɗan tudu a madadin tabarma, a gyara bayan gida domin kada tsuguno ya zama azaba, a ɗauke musu ɗiban ruwa da daka.

Gidan Allah ma yana da nasa rabon. Tsofaffi nawa ne suka daina zuwa Misa domin matakalar ƙofa ta fi ƙarfinsu, ko domin suna jin kunya a gan su zaune sa'ad da jama'a ke durƙushe? Bari su sani cewa ƙa'idar Misa kanta ta ɗauke wa mara lafiya durƙuso, dokar Ekklesiya kuma ta ɗauke wa tsofaffi da marasa lafiya azumin sa'a ɗaya kafin karɓar Jibin Ubangiji, wanda ciwo ya hana shi fita ran Lahadi kuwa ba shi da laifi. Allah zuciya yake dubawa, ya kuma san gwiwar da ta yi shekara 60 tana durƙusa masa. Aikin kwamitin coci ne ya gyara mashiga, aikin matasa ne su ɗauko waɗanda ba su iya tafiya, aikin Zumuntar Mata da katikis ne su san gidan kowane tsoho da aka daina gani, su sanar da Fada domin a kai masa Jibi da shafewar marasa lafiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku kuma iyayenmu da kakanninmu, ku yarda mu faɗa muku kalma ɗaya cikin ladabi. Kada ku ɓoye ciwo don gudun zama kaya. Darajarku ba ta rataye ga yawan kunyar da kuke iya nomewa ba, gama tun kafin ku iya ɗaga fartanya Allah ya san ku, ya ƙaunace ku. Kun yi shekaru kuna bayarwa, yanzu ku koyi karɓa, domin wanda ya ƙi a taimake shi ya hana 'ya'yansa ladan cika doka ta huɗu. Har yanzu kuna da aiki a cikinmu: addu'a, da sulhunta masu faɗa, da shawara, gama abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba.

Saboda haka, 'yan'uwa, kada mu daina cewa "sannu", kada kuma mu daina cewa "sai haƙuri". Sai dai mu faɗe su da hannunmu a ƙarƙashin kafaɗar wanda muke gaya wa, da kuɗin mota zuwa asibiti a aljihunmu. In Allah ya ja kwananmu, mu ma za mu dafa bangon nan, 'ya'yanmu kuwa suna kallon yadda muke yi da namu iyayen.

Ubangiji Yesu, wanda ya miƙar da matar nan bayan shekara 18, ya sauƙaƙa wa tsofaffinmu, ya ba su haƙuri na gaskiya, mu kuma ya ba mu idon ganinsu da hannun taimakonsu. Amin.