Farillar da Birni Yake Mantawa: Magana a Kan Aikin Sa-kai a Kano

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam mabuƙaci, Ya sanya biyan buƙatarsa a hannun ɗan'uwansa domin Ya jarraba su duka biyun. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda ya ɗauki tubali da hannunsa mai albarka a lokacin ginin masallacin Madina, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ka sani ya kai ɗan'uwa, Allah Ya datar da mu da kai, akwai wani kuskure da ya zauna a zukatanmu mu mutanen birni game da aikin sa-kai. Idan muka ga samari sun naɗe ƙafar wando sun shiga kwata da shebur da manjagara, ko muka ga ɗan agaji cikin kakinsa yana tura mara lafiya a keken asibiti, sai mu ce Allah Ya saka musu da alheri mu wuce. A zatonmu nafila suke yi, wanda ya yi ya sami lada, wanda ya bari babu komai a kansa. Wani sashe na aikin haka yake. Amma da yawa daga cikinsa, idan aka ɗora shi a ma'aunin fiƙihu, farilla ce da ke wuyan kowane baligi mai iko a unguwar, kuma samarin nan bashinmu suke biya.

Duk wanda ya zauna a zaure ya san malamai sun kasa farilla gida biyu. Akwai ta ainihi, kamar salla da azumi, wadda wani ba ya ɗauke wa wani. Akwai kuma ta kifaya, wadda ake nema daga jama'a baki ɗaya: idan wasu suka tsaya da ita har buƙata ta biya, ta faɗi daga kan saura, idan kowa ya noƙe, laifi ya hau kan duk mai iko. Matsalar ita ce yawancinmu misali ɗaya muka riƙe, wato sallar jana'iza. Almajirin da ya wuce Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala da Askari ya kai ga Muhtasar, zai tarar Shehu Halilu ya jero farillan kifaya a farkon babin jihadi, kuma a cikinsu akwai tsayuwa da ilimin shari'a, da tunkuɗe cuta daga Musulmi, da sana'o'in da jama'a ba sa wadatuwa ga barinsu, da shirya mamaci, da fansar kamamme. Masu sharhi sun shigar da ciyar da mayunwaci da tufatar da wanda ba shi da sutura ƙarƙashin tunkuɗe cuta. To kwatar da ta toshe har ruwa ya ci katangar marayu, da ramin da ke kan hanya yana kayar da masu babur, a wane babi za a sa su in ba wannan ba?

Imamul Haramaini, wato Juwaini, wanda ya rasu a shekara ta 478 bayan Hijira, ya tafi a kan cewa mai tsayuwa da farillar kifaya yana da wata falala a kan mai tsayuwa da ta ainihi. Hujjarsa ita ce mai sauke ta ainihi kansa kaɗai ya kuɓutar, shi kuwa wancan ya ɗauke zunubi daga kan jama'a duka. Malamai da yawa sun saɓa masa, kuma saɓanin nasu yana da ƙarfi. Sai dai ko da ba a karɓi maganar tasa dukkanta ba, ta isa ta sa mutum ya sake duban mai haƙan kabari da wani ido.

A ƙauye wannan farilla ba ta ɓacewa, domin ido yana ganin ido. Idan aka kira gayya, ko ta noma ko ta ɗaurin jinka, mai gayya ya tanadi fura da tuwo, makaɗi ya zo da gangarsa, kuma wanda ya ƙi fitowa kowa ya san ya ƙi, shi ma ranar tasa gayyar zai gani. Birni ba haka yake ba. Ƙidayar 2006 ta ba jihar Kano mutum sama da miliyan 9, kuma kaso mai tsoka na wannan jama'a yana cunkushe ne a ƙananan hukumomi takwas na ƙwaryar birni da kewayensa: Birni, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. A Kurna ko Ɗorayi ko Rimin Kebe, mutum kan yi shekara a gidan haya bai san sunan wanda suka haɗa katanga ba. Kowa yana ganin ɓarna, kowa yana zaton wani zai gyara, ko kuma ya ce aikin gwamnati ne. Yawan jama'a, wanda ya kamata ya sauƙaƙa farillar, shi ne ya zama mafakar barinta. Malaman usulu sun ce nauyin yana faɗuwa daga kan wanda ya yi rinjayen zaton wani ya tsaya da aikin. Amma wane rinjayen zato ne ya rage ga wanda kullum yake tsallake bolar nan da ƙafarsa?

Magabata ba su bar abin ga zato ba, tsara shi suka yi. A shekara ta 5 bayan Hijira, da rundunonin ƙawance suka nufo Madina, Salmanul Farisi ya ba da shawarar haƙa gwalalo. Malaman sira sun ruwaito cewa an raba aikin ne, kowane mutum goma aka yanka musu kamu arba'in, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana haƙa tare da su har ƙasa ta rufe masa fatar ciki. Babu wanda zai ce ya zaci wani ya haƙe rabonsa. A wannan yaƙin ne kibiya ta sami Sa'adu ɗan Mu'azu, aka kwantar da shi a tantin Rufaida, matar da ta sadaukar da kanta ga jinyar masu rauni a masallaci. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito labarin baƙar matar da take share masallaci, wadda aka binne ba a sanar da Annabi ba domin an ƙanƙantar da al'amarinta. Da ya rasa ta ya tambaya, ya nemi a nuna masa kabarinta, ya je ya yi mata salla. Tsintsiya kaɗai aka san ta da ita.

Ƙasarmu ma tana da nata gadon. Tarihin Kano ya danganta fara ginin ganuwa ga Sarki Gijimasu a ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa kuma, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta. Hannun jama'a ne ya tara wannan ƙasa, ko da yake gaskiya ita ce ba dukkan hannuwan ne suka zo da son ransu ba, don haka ba na kafa hujja da ita sosai. Misalin da ya fi tsafta shi ne na Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864. Ta tsara ƙungiyar mata ta 'Yan Taru, ta naɗa jagorori mata da ake kira jaji suna zagaya ƙauyuka suna karantar da mata, ba don albashi ba. A zamaninmu kuma, Jama'atu Nasril Islam da aka kafa a 1962, da Fityanul Islam, da Izala da aka kafa a Jos a 1978, kowacce tana da rundunar 'yan agaji, ga FOMWAN da mata suka kafa a 1985 tana riƙe da makarantu da wuraren shan magani. Saɓanin da ke tsakanin wasu daga cikin ƙungiyoyin nan sananne ne. Amma a bakin ɗakin haɗari na asibiti, ko a sansanin alhazai, wanda ya faɗi ba ya tambayar launin kakin wanda ya ɗaga shi.

Amfanin da aka fi gani da ido shi ne na lafiya. Ledar da aka sha ruwa aka yar, ita ce take toshe magudana. Ruwan da ya kwanta shi ne gidan sauro. Idan kuma ambaliya ta haɗa masai da rijiya, amai da gudawa sun samu ƙofa. Yashe kwatar layi ɗaya kafin faɗuwar damina ya fi kuɗin magani sauƙi nesa ba kusa ba. Haka ba da jini. Ledar jini ɗaya ba ta kai rabin lita ba, jikin lafiyayyen mutum yana mayar da ita, amma ga mai haihuwa da jini ya ɓalle mata, ko yaro mai sikila, ita ce tsakanin rayuwa da mutuwa a bisa ƙaddarawar Allah. Kullum sai ka ji ana cigiyar mai ba da jini da tsakar dare, alhali a sahu ɗaya na sallar asuba akwai ƙarti da za su iya. Da kowane masallacin Juma'a yana da littafin sunayen masu ba da jini da rukunin jininsu, da an rage wannan faɗi-tashi.

Maƙabarta kuwa sai dai a yi shiru. Mutanen Kano ba za su manta watan Afrilu na 2020 ba, lokacin da mace-mace suka yawaita, masu haƙan kabari suka yi ta aiki har ƙarfinsu ya ƙare. Da yawansu dattawa ne, ba su da wani albashin kirki, abin da masu gawa suka miƙa shi ne samunsu. Wannan kam babu malamin da ya yi saɓani cewa farillar kifaya ce. Su nawa ne cikinmu suka taɓa kai musu ko da diga da itacen rufi?

Akwai wani amfanin da ba a cika lissafawa ba, kuma ni a wurina ya fi sauran. Saurayin da ba shi da aiki, ba shi da mai sauraronsa, idan aka ba shi wani nauyi a unguwa ya sami suna, dattawa suna kiransa, yara suna gaishe shi. Masu jan yara zuwa daba da shaye-shaye da ƙwacen waya wannan girman suke yi musu alkawari da ƙarya. Aikin gayya kuma yana haɗa maƙwabta da ba su taɓa gaisawa ba, har da waɗanda ba Musulmi ba, kamar yadda ake zaune a Sabon Gari da Brigade. Babu laifi a cikin wannan. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya halarci Hilful Fuduli a gidan Abdullahi ɗan Jud'ana tun kafin aike, inda ƙabilun Makka suka yi alkawarin tsaya wa wanda aka zalunta, kuma bayan annabci ya yabi wannan ƙawance.

Sai dai aikin yana da cututtukansa. Babbarsu riya, wadda waya ta buɗe mata ƙofa. A tara zawarawa a rana, a miƙa musu kwanon shinkafa, a ɗauki hoton fuskokinsu a watsa a Facebook. Aya ta 264 a Suratul Baƙara ta yi gargaɗi cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka, kuma tona asirin mabuƙaci cutarwa ce ko da an yi ta da murmushi. Idan ana buƙatar shaida ga waɗanda suka ba da kuɗi, a nuna musu lissafi da rasit. Sannan ga ɗan siyasa da yake ɗinka wa ƙungiya riguna da hotonsa a baya, daga nan rabin unguwa sun janye. Ga kuma 'yan sintirin da suke mayar da kansu alƙalai, su kama yaro su yi masa hukunci a titi. Tsaron unguwa alheri ne, amma hukunci na hukuma ne, kuma jinin wanda ake zargi haramun ne kamar na kowa. Kada kuma mai mulki ya karanta wannan ya ji daɗi. Don talakawa sun yashe kwata, haƙƙin da ke kansa na kwashe sharar da suka tara da gina magudanar da ta fi ƙarfinsu bai faɗi ba, kuma za a tambaye shi a kan abin da aka ba shi kiwo.

Kirana ga limamai da masu unguwanni ne, domin su ne jama'a suke haɗuwa a gabansu. Ku zauna bayan sallar isha'i ku lissafa abin da unguwarku ba ta wadatuwa ga barinsa: magudana, maƙabarta, jini, jinyar wanda ba shi da kowa, karatun marayu. Ku yanka wa kowane layi rabonsa, ku ambaci mai kula da shi da sunansa, ku sa ma'aji biyu waɗanda za su karanta lissafi a bainar jama'a. Attajirin da ba zai iya riƙe shebur ba ya saya, malamar makaranta ta ba da sa'a biyu a mako, direba ya ba da motarsa ranar kwashe shara. Ranar Asabar ta ƙarshen wata an riga an ware safiyarta domin tsaftar muhalli, kuma da yawanmu barci muke yi har a buɗe hanya. Ku fara da ta wannan watan, liman yana gaba.