Hukuncin Mara Baya ga Ɗan Wasan da Ake Tuhuma

Tambaya: Ni ɗalibi ne a wata jami'a a Amurka. An kama wani ɗan ƙwallon kwandon makarantarmu bisa zargin yi wa wata ɗaliba fyaɗe. Ya musanta, ana jiran shari'a. Magoya baya sun buga riguna da lambarsa, suna tara kuɗin lauya, wasu kuma suna ta zagin yarinyar a Facebook. Ya halatta in shiga cikinsu?

Amsa: Ɗana, ayyuka uku ka haɗa a tambaya ɗaya, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Asali a shari'a shi ne kuɓutar wuyan mutum daga laifi har sai hujja ta tabbata. Mai da'awa shi ke kawo shaida, wanda ya musanta kuma rantsuwa ce a kansa. Don haka ba ya halatta ka kira wannan saurayi mai fyaɗe, ko ka yaɗa hotonsa da wannan suna. Ƙasar da kake zaune ta taɓa ɗanɗana kuɗar gaggawa. A watan Maris na 2006 aka zargi 'yan wasan lakros uku na Jami'ar Duke da fyaɗe. Kafin a shiga kotu an soke wasannin ƙungiyar na shekarar, an tilasta wa kocinsu ajiye aiki, malaman jami'ar 88 sun sa hannu a wata sanarwar da jama'a da dama suka ɗauka yanke hukunci ce. A watan Afrilu na 2007 babban lauyan jihar Karolina ta Arewa, Roy Cooper, ya fito ya ce samarin ba su aikata ba. Mai gabatar da ƙarar, Mike Nifong, an ƙwace lasisinsa na lauya, cikin laifuffukansa har da ɓoye sakamakon gwajin ƙwayoyin halitta. A ƙarshen 2024 matar da ta zarge su da kanta ta amsa cewa ƙarya ta yi. Shekara guda samarin nan suka yi ana nuna su da yatsa.

Amma a nan ne masu sha'awar wasa suke zamewa. Kuɓutar wuya ƙa'ida ce ta yadda za a yi mu'amala da wanda ake tuhuma, ba shaida ba ce cewa bai aikata ba. Kai ba ka wurin. Idan ka sa riga kana ihun "ƙarya take yi", ka ba da shaidar abin da idonka bai gani ba. Ita ma yarinyar wuyanta kuɓutacce ne daga laifin ƙarya har sai an tabbatar. Wanda kuwa ya wuce nan ya jefe ta da karuwanci ya faɗa ƙazafi, laifin da Suratun Nur ta yanka wa bulala tamanin, kuma ko ba Musulma ba ce, cin mutuncinta haramun ne.

Ka karanta tafsirin Suratun Nisa'i daga aya ta 105. Wani daga gidan Banu Ubairiƙ ya saci sulke a Madina, ya ɗora wa wanda bai ji ba bai gani ba. Danginsa suka yi gayya zuwa wajen Annabi (SAW) don wanke ɗan'uwansu, sai wahayi ya sauka yana hana tsaya wa maha'inta. Abin da ya kai su shi ne "namu ne", kuma shi nake jiye wa taron filin wasa. Ka tambayi zuciyarka tsakani da Allah: da a ce wanda aka kama mai sharar ɗakin kwanan ɗalibai ne, ko ɗan wasan makarantar da kuke hamayya da ita, za a buga masa riga? In amsar a'a ce, ƙwallayen da yake zurawa ake karewa. Ga misali, a 2016 kotu ta kama Brock Turner, ɗan wasan ninƙaya na Jami'ar Stanford, da laifin cin zarafin wata mata da ba ta cikin hayyacinta. Aka yi ta ambaton bajintarsa a ruwa, aka yanke masa wata shida, ya yi uku ya fito. A 2018 masu zaɓe suka tsige alƙalin.

To ga abin da nake ba ka fatawa da shi. Ba da gudummawar kuɗin lauya ya halatta, domin kare kai a gaban alƙali haƙƙin kowa ne, matuƙar ba ka san ya aikata ba. In ka sani, taimakonka gare shi shi ne ka sa ya amsa laifinsa. Ziyartarsa, yi masa nasiha, da neman kada a kore shi ba tare da an saurare shi ba, duk babu laifi. Rigar kuwa ka duba abin da aka rubuta: in neman adalci ne, da sauƙi, ko da yake na fi son ka bar ta, don yarinyar tana bin hanya ɗaya da ku zuwa aji, in kuma ta yanke cewa sharri aka yi masa, kada ka sa. Zagin ta, tona sunanta, ko tsoratar da shaidu haramun ne, tura wa wani ma haka. Idan kana da wani abu da ka gani ko ka ji da kunnenka game da lamarin, wajibi ne ka kai wa masu bincike, ko wa zai amfana da shi. Allah ne Mafi sani.