Idan Haihuwa Ta Yi Jinkiri, Wa Ake Tuhuma?

 

A Mashi da ƙauyukan da ke kan hanyar Katsina zuwa Daura, kamar sauran ƙasar Hausa, idan aure ya shekara biyu ko uku ba a ji kukan jariri ba, ido kan koma kan amarya. Ita ake kai wa rubutu da jiƙe-jiƙe, kuma ita uwar miji ke yi wa habaici, daga nan sai a fara zancen kishiya. Sau da yawa kishiyar kan zo ita ma ta yi shiru, a saki ta fari, ta yi aure wani gida, kafin shekara ta zagayo sai ga ta da goyo. Mutanen unguwa sun ga amsa da idonsu, amma ba mai faɗa, domin an ɗauka cewa tuhumar namiji a wannan fage cin mutunci ne.

Alƙur'ani mai girma bai ware jinsi ɗaya ba. A ƙarshen Suratu Shura, aya ta 49 da ta 50, Allah Maɗaukaki ya bayyana cewa shi ke ba wani 'ya'ya mata, ya ba wani maza, ya haɗa wa wani duka biyu, ya kuma bar wanda ya so ba haihuwa. Lafazin da aka yi amfani da shi a nan yana hawa kan namiji kamar yadda yake hawa kan mace. Saboda haka ɗora wa mace laifin ita kaɗai al'ada ce, ba ta da madogara a cikin Littafi.

Ilmin likita ma ya daɗe kafin ya kai ga wannan gaskiya. Sai a shekarar 1677 wani mutumin Holan mai suna Antonie van Leeuwenhoek ya duba maniyyi da madubin da ke girmama ƙananan abubuwa, ya ga ƙwayoyi masu wutsiya suna iyo. Daga baya aka gane cewa ruwan da mutum ke gani ba shi ne ma'auni ba. Abin lura shi ne yawan ƙwayoyin, da ƙarfin tafiyarsu, da kyawon ƙirarsu. Mutum na iya zama lafiyayye, mai cikakken ƙarfi wajen iyalinsa, amma ruwansa ba ƙwaya ko ɗaya. Wannan shi ne abin da ke ruɗar maza da yawa, suna zaton biyan buƙatar aure shaida ce ta haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafin ƙa'idar gwajin maniyyi tun 1980, kuma a 2023 ta ba da rahoton cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na manya yana gamuwa da matsalar haihuwa a rayuwarsa. Likitoci sun tabbatar cewa a kusan rabin gidajen da abin ya shafa, namiji na da hannu, ko shi kaɗai ko tare da matarsa.

Dalilan kuwa ba baƙi ba ne a ƙasar nan. Akwai hangum idan ya kama mutum bayan balaga ya sauka cikin maraina, da ciwon sanyi da aka bari ba magani har ya toshe hanyar maniyyi, da tsargiya da yara ke ɗauka wajen wanka a kududdufi, da kumburin jijiyoyin maraina wanda ke ƙara musu zafi. Ana gyara wannan na ƙarshe da ƙaramar tiyata. Taba da shaye-shayen ƙwayoyi irin su tramadol su ma suna rage ƙarfin ƙwaya. Ƙwayar maniyyi kan ɗauki wajen wata biyu da rabi kafin ta nuna, don haka duk maganin da aka ce yana aiki cikin kwana uku, mai shi ciniki kawai yake yi.

A 1978 aka haifi jaririya ta farko a Ingila wadda aka haɗa ƙwan uwarta da maniyyin ubanta a waje sannan aka dasa a mahaifa. A 1992 likitoci a birnin Burasal na Beljiyam suka ci nasarar ɗaukar ƙwaya guda su cusa ta cikin ƙwan mace da allura, abin da ya buɗe ƙofa ga mazan da ƙwayoyinsu kaɗan ne ƙwarai. A Nijeriya ma an haifi jaririya ta hanyar dashe a asibitin Nisa da ke Abuja a 1998, a hannun Dokta Ibrahim Wada. Malaman Musulunci ba su yi barci ba. Muftin Masar, Shaihu Jadul Haƙ, ya ba da fatawa a 1980, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi kuma ta zauna a Amman a 1986, kuma matsayarsu ɗaya ce: halas ne muddin ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, aurensu kuma yana nan. Aron maniyyin wani namiji haramun ne, saboda yana gurɓata nasaba da gado. Sai dai wannan aiki na masu hali ne. Manomin gero a Mashi ba ya jin ɗuriyarsa. Abin da ke kusa da hannunsa shi ne gwajin maniyyi, wanda ake yi a manyan asibitoci a Katsina da Kano da Zariya, kuma ya fi yawancin gwaje-gwajen da ake yi wa mata sauƙi da araha.

A nan ne tambaya mai nauyi take. Idan namiji ya ƙi zuwa gwaji, ko ya je ya san matsalar tasa ce ya ɓoye, mene ne matsayinsa? Wani zai kafa hujja da cewa Musulunci addinin rufin asiri ne, kuma littattafan Malikiyya, da suka lissafa aibobin da ke ba mace zaɓin rabuwa, ba su sa rashin haihuwa a ciki ba. Gaskiya ne Risala ta ambaci ba wanda ya kasa saduwa da iyalinsa wa'adin shekara guda, ba ta yi zancen wanda ke saduwa amma ba ya haihuwa ba. To, amma malaman wancan zamani ba su da hanyar tabbatar da wannan aibi, ba su kuwa gina hukunci a kan zato. Sa'an nan mazhabar nan ita ce ta hana miji yin azalu ba da izinin matarsa 'ya ba, domin tana da haƙƙi a cikin samun ɗa. Wanda aka hana shi tauye wannan haƙƙi na dare ɗaya, ta yaya za a yarje masa ya tauye shi shekara ashirin da shirunsa? An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar ya umarci wani mutum da ba ya haihuwa ya sanar da matar da ya aura, ya ba ta zaɓi.

Rufin asiri yana da iyaka, wato inda ya fara cutar da wani. Ba a ce mutum ya yi shela a kasuwa ko a majalisar abokai ba, kuma likita da matar duk amana ce a wuyansu su kame bakinsu. Amma mijin da ya san gaskiya, ya zuba ido uwarsa na kiran matarsa juya, tana shan sassaƙe har cikinta ya lalace, shekarun haihuwarta suna ƙarewa, ya haɗa algus da zalunci. Mace tana da lokaci ƙididdigagge wanda namiji ba shi da irinsa; wadda aka ɓoye wa har ta haura arba'in an ƙwace mata zaɓin da shari'a ta ba ta, ko na haƙuri da sanin dalili, ko na neman hul'i tun da sauran dama. Mata da yawa idan aka gaya musu gaskiya sukan zaɓi zama, su riƙi 'ya'yan 'yan'uwa ko marayu, ba tare da an canja wa yaron sunan ubansa ba, kamar yadda Suratul Ahzab ta hukunta.