Wa Ya Mai Da Dodo Dodo?



A tatsuniyar kakanninmu ba wanda ke tambayar abin da ya mai da Dodo Dodo. Yana cin mutane, shi ke nan. Yanzu salo ya sauya. A 2014 kamfanin Disney ya fitar da fim ɗin Maleficent, inda muguwar aljanar da ta tsine wa jaririya ta koma abar tausayi, wai don wanda ta amince wa ne ya yanke mata fukafukai.

Ni ban ga laifin bin asalin mugu ba. A Suratul Ma'ida an ba mu dalilin ɗan Adam da ya kashe ɗan'uwansa: an karɓi hadayar wancan, ba a karɓi tasa ba. Amma ku lura, labarin bai kawar da idonmu daga gawar ba. Har hankaka aka aiko ya nuna masa yadda zai rufe ta. An faɗi dalilinsa, ba a ba shi uzuri ba.

Mu a ƙasar Zuru wannan magana ta wuce fim. 'Yan bindiga ma suna da nasu labarin: an kwashe mana shanu, 'yan sa-kai sun kashe iyayenmu, mun kai ƙara ba a saurare mu ba. Wani ɓangaren gaskiya ne, kuma wanda ya toshe kunne ba zai san ƙofar da yaro ke bi ya shiga daji ba. Shi ya sa ban gamsu da tarar naira miliyan 5 da hukumar NBC ta ci Trust TV a 2022 kan shirinta na 'yan bindiga ba.

Inda nake tsayawa shi ne idan mai labari ya ara mana idon mugun ya hana mu na wanda aka zalunta. A watan Maris na 2022 an kashe 'yan sa-kai sama da 60 a kwanton ɓauna a yankin Sakaba. Kowannensu yana da uwa, yana da tarihi. Fulani nawa aka sace wa shanu ba su ɗauki bindiga ba? Su ma da nasu ciwon, sun zaɓi wata hanya.

Duk mai son ba mu asalin Dogo Giɗe, bismillah, muna saurare. Amma ya haɗa da labarin 'yan matan makarantar Birnin Yauri da aka kwashe a Yunin 2021, waɗanda wasunsu sai a 2023 suka dawo gida, wasu da goyo a baya.